Ragar Da Aka Saƙa A Shagon Ɗinki

Kawuna ya yi shekara talatin da ɗaya yana aiki a ɗakin da ba shi da taga, kuma duk tsawon shekarun nan babu mai iya faɗa maka takamaiman abin da yake yi, har mu 'yan gidansa. In maƙwabta suka tambayi Inna, matarsa, sai ta ce, "A jami'a yake." In suka ce ashe malami ne, sai ta kaɗa kai ta ce, "Ina fa, wanke-wanke yake yi musu." Kawu yana zaune yana ji, ba ya cewa uffan, don bai ga ƙarya a maganar ba.

Ni a hannunsa na tashi. Ina shekara huɗu mahaifiyata, ƙanwarsa, ta rasu, ya zo ya ɗauke ni da 'yar jakar kayana, ya haɗa ni da 'ya'yansa maza uku. Sunan mahaifiyar Kawu aka sa mini, don haka bai taɓa kama sunana ba. Uwata yake ce mini, har yau da nake da shagon ɗinki na kaina da 'yar furfura a gaban goshi.

A unguwa kuwa Hannu-sama ake ce masa. Mutum ne da ba ya sakin hannuwansa ƙasa kamar kowa, kullum suna ɗage daidai ƙirji, yatsu a ware, kamar wanda ya gama wanke su yana neman tawul. Da gwiwar hannu yake tura ƙofa. In za ku gaisa, sai ya ɗan yi jim kafin ya miƙo hannu, har baƙi su ɗauka girman kai ne. Ba girman kai ba ne, aiki ne ya bi jikinsa.

Sau ɗaya ya taɓa kai ni wurin aikin ina 'yar makaranta. An sauka matakala goma sha takwas, na ƙirga. A tsakiyar ɗakin akwai wani tulun ƙarfe a kwance, tsawonsa ya kai gadon mutum biyu in an haɗa, bututu da wayoyi sun fito masa ta ko'ina, wasu wuraren an naɗe su da takardar alminiyam. Famfuna suna ta gurnani ba hutawa, su ne suke zuƙe iskar da ke ciki har ya zama babu komai, babu ko numfashin sauro. Duk wani ƙarfe da zai shiga tulun nan sai ya bi ta hannun Kawu. Ya wanke da sabulu, ya tsoma a wani baho mai ƙugi, ya ɗauraye da sifirit, ya gasa a tanda, duk da safar hannu. Ya ce mini in yatsa ɗaya ya taɓa ƙarfen, maiƙon da zai bari ya isa ya sa famfuna su yi mako uku suna wahala. Noti ma ba ya ɗaure su a jere, sai ya ɗaure na nan, ya tsallaka ya ɗaure na can, yana zagayawa a hankali don kada murfin ya karkace.

A hanyar komawa gida na ce, "Kawu, wai me ake dafawa a tulun nan da ba a so iska ta shiga?"

Ya yi shiru har muka tsallaka titi, don shi ba ya magana yana tsallakawa. Sannan ya ce, "Akwai wasu ƙwayoyi ƙanana, Uwata, waɗanda komai na duniya da su aka gina shi. Ido ba ya ganin su. Kowace tana da 'ya'yanta da ke kewaye da ita, ilektiron ake ce musu. To, wata sai ta ɗauki guda ɗaya ƙari, wanda ba nata ba, ta riƙe. Irin wannan ita ce Farfesa, maigidanmu a wurin aiki, yake kira aniyon. Su yake tarawa a tulun, ya haska musu lesa, wani siririn haske mai ƙarfi, launi bayan launi, ya ga wane launi ne zai sa ta saki ɗan riƙon, kuma yaushe."

"Don me?"

"Don a san ƙarfin riƙon."

Na tsaya cak a bakin hanya na ce, "Kawu, da ni kake?"

Ya yi dariya har ya manta ya sauke hannu ɗaya. Ya ce, "Ke wace lesa ce za ta iya fitar da ke daga gidan nan?" Tun daga ranar, ɗan riƙo muke ce wa abin ni da shi, na ma fi gane shi da wannan sunan.

Shekaru suka tafi. Na koyi ɗinki, na yi aure, na buɗe shago a layin da ke bayan tasha, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da labule. Kawu yana nan yana saukar matakalarsa goma sha takwas. Ɗalibai suna zuwa, su yi shekara huɗu ko biyar, su zama daktoci su tafi, wasu su aiko masa da gaisuwa, wasu ko waiwaye. Shi ba ya ƙorafi. Abin da yake tinƙaho da shi guda ɗaya ne, in ma za a kira shi tinƙaho: tun da aka kafa tulun, ba a taɓa buɗe shi saboda dattin hannunsa ba.

Inna ce ta fara lura hannun Kawu ya soma rawa. Ba ta faɗa wa kowa ba, ko shi. Sai dai na ga ta koma zuba masa shayi rabin kofi, in ya shanye ta ƙara masa rabi. Na ce, "Inna, rowar shayi kika fara da tsufa?" Ta harare ni ta ce in kama bakina. Da na kalli kofin a hannunsa sai na gane. Shi kuma ya yi kamar bai san ana yi ba, haka suka yi kusan shekara suna ɓoye wa juna abin da dukansu suka sani.

Wata Asabar da safe ina tsakiyar yankan wata riga sai ga shi a ƙofar shago, rungume da wani ƙaramin akwatin roba. Kawu bai saba zuwa shagona ba, ya ce zare da ƙurar yadi suna sa shi atishawa. Na ba shi kujera, ya ƙi zama.

"Uwata, taimako na zo nema."

Ya buɗe akwatin. A ciki akwai zoben ƙarfe, faɗinsa kamar tafin hannu, da wani ɗan kwarkwaro mai waya launin zinariya. Sai da na karkata shi wajen haske na ga wayar, don gashin kai ya fi ta kauri. Ya ce raga ake saƙawa da ita a kan zoben, sili sittin a jere, tazararsu ɗaya, ba mai taɓa ɗan'uwansa. Wannan raga ita ce ƙofar da 'yan riƙon suke bi kafin su isa inda ake ƙirga su. Tsohuwar ta tsinke. Shi yake saƙa ta tun farko, babu wanda ya iya sai shi. Kwana uku ke nan yana gwadawa bayan kowa ya tafi cin abinci, ya tsinka waya sau goma sha ɗaya.

"Akwai yarinyar da aikinta ya tsaya saboda ragar nan," in ji shi. "Shekararta ta ƙarshe ce."

Na san yarinyar a bakinsa. Dakta-gobe yake ce mata, don tun shekararta ta farko in aka tambaye ta yaushe za ta gama sai ta ce gobe-goben nan.

Na ce, "To Kawu, ka faɗa wa Farfesa mana."

Ya miƙo hannuwansa biyu a gabana, ya bar su a sarari. Wallahi ban taɓa ganin su haka ba, suna kaɗawa kamar wanda zazzaɓi ya rufe. Ya ce, "In na faɗa, na gama. Shekara biyu ya rage mini. So nake in fita da ƙafata, da sunana."

Me zan ce? Mutumin da ya ɗauke ni ina shekara huɗu? Na rufe shago, na ce wa mai rigar ta dawo Litinin, ta tafi tana ƙunƙuni. Na kashe fanka, na lulluɓe kekunan ɗinki da zani, na goge teburin yanka da sifirit sau uku. Ya ba ni safar hannu da abin rufe hanci, ya sa na ɗaure kaina tamau. Sannan ya koma bayana ya tsaya, hannuwansa a baya, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

Kai, ranar na san na yi aiki! Ni da nake zura zare a allura ba tare da na duba ba, sai ga ni ina riƙe numfashi a kan sili ɗaya. "Ja kaɗan. A'a, kin ja da yawa. Saki. Tsaya. Kada ki yi magana a kanta." Sau biyu na tsinka, sau biyu muka koma farko. Zafi kamar me, gumi yana bin bayana, ga shi babu damar sharewa. Mai gyaran waya ya buga ƙofa yana tambaya ko lafiya, na daka masa tsawa ta cikin abin rufe hanci. Sai bayan la'asar muka gama. Kawu ya ɗaga zoben wajen haske ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ta fi tawa." Ban ji daɗin yabon ba ko kaɗan, tausayi ya ba ni.

Ya kai ta wurin aiki, ya yi mata wankan da yake yi wa kowane ƙarfe, har sau uku maimakon ɗaya, ya gasa, ya ɗaura. Aka rufe tulu, famfuna suka ja iska, komai ya tafi daidai. Na ce shi ke nan, an wuce wurin.

Bayan wata biyu sai na ga Kawu ya rage cin abinci. Da na je gidan na matsa masa, ya ce Dakta-gobe ta ga wani abu.

Yadda ya bayyana mini, in lesa ta haska ƙwayoyin nan, ɗan riƙon nan take yake ficewa, babu jira. Haka kowa ya saba gani. Amma ita yarinyar ta bar na'urar ƙirga a buɗe bayan hasken ya ɗauke, sai ta ga wasu suna fitowa a makare. Ba makara irin tamu ba, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ne, amma a wurinsu wannan kamar a kira mutum da safe ne ya amsa bayan shekara. Ita a ganinta, ƙwayar ce take haɗiye hasken, ta raba zafinsa ko'ina a jikinta, ta yi ta rawa da shi, sai lokacin da zafin ya sake taruwa wuri ɗaya sannan ɗan riƙon ya samu ya fita. In haka ne, ta gano abin da babu wanda ya taɓa gani a wannan ƙwayar, kuma digirinta ya tabbata.

Na ce, "To ai abin murna ne."

Ya ce, "Farfesa ya ce datti ne."

Datti a cikin tulu, in ji shi, yana iya sa na'ura ta ƙirga abin da babu shi. Kuma abu ɗaya tak aka canja kafin masu makarar su bayyana, ragar. Sai dai Farfesa ya faɗa a gaban kowa cewa shi ba ya zargin ragar, tunda hannun Malam ne ya saƙa ta, a nemi matsalar a wani wuri. Malam suke ce wa Kawu a can.

"Yau mako biyar yarinyar nan tana kwance wayoyi tana mayarwa," in ji Kawu. "Ta canja na'urar ƙirga, ta canja igiyoyi, ta rame. Ko'ina ta duba ban da inda ya kamata ta fara dubawa. Saboda sunana, Uwata."

Na shiga lissafin shagona: man keke, burbushin yadi, allin da nake zana riga da shi, gumin da ya bi bayana. Na ce, "Ai ka wanke ta sau uku."

"Na wanke. Ina ganin tsaf take. Amma ina ganin daban, na sani daban."

Akwai hanyar da za a raba gardama, ya ce. Za a riƙa canja launin lesar kaɗan-kaɗan ana ƙirga masu makarar. Datti ba ya zaɓen launi, duk hasken da ka ba shi ɗaya ne a wurinsa. Ita kuwa ƙwayar tana da launukan da take sha da waɗanda take ƙi, kuma an san su. In masu makarar suka yawaita daidai launukan da take sha, suka ragu a sauran, to daga jikinta suke. Amma wani madubi na lesar ya lalace, sai ranar Alhamis za a ɗaura sabo a yi gwajin.

"Ranar Litinin zan faɗa wa Farfesa," in ji shi.

Na miƙe tsaye. "Litinin? Haba Kawu! Ka jira Alhamis mana. Kwana uku ne fa. In abin ya fito daidai, wa zai tambayi wanda ya saƙa raga? In bai fito ba, sai ka faɗa. Kai da kake iya jiran tulu mako biyu yana gasuwa, kwana uku ne za su gagare ka?"

Inna tana bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu, ta daina yin kamar ba ta ji.

"In ya fito daidai, ba zan taɓa faɗa ba har in mutu," in ji shi. "Na san kaina. Kuma yarinyar za ta rubuta a littafin digirinta cewa ni na saƙa, a ɗaki mai tsabta. Za ta tsaya gaban manya ta faɗi ƙarya ba ta sani ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa masa ba, na ce taurin kai ne, na ce ya sa na rufe shago na yi gumi a banza, na ce wa ya taɓa sanin sunansa a cikin littattafan nan da har zai kashe kansa a kansu. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Ki shirya ranar Litinin mu tafi tare. Hannunki ne, za su yi tambayar da ni ba zan iya amsawa ba."

Na je. Na sa mayafina mai kyau, na sauka matakalar nan goma sha takwas ina cika ina batsewa. Ɗakin yana nan yadda na san shi, sai dai kwamfutoci sun ƙaru. Farfesa ɗan guntun mutum ne mai sanƙo da tabarau a goshi, na ɗauka zan ga wani ƙato. Dakta-gobe tana durƙushe ƙarƙashin tebur da igiyar waya a wuya, siririya, idanunta sun yi zuru-zuru.

Kawu bai yi doguwar magana ba. Ya gaishe su, ya ce, "Wannan 'yata ce, tela ce. Ita ta saƙa ragar da ke cikin tulun, a shagonta, ni na kai mata." Sannan ya miƙa hannuwansa kamar yadda ya yi mini, ya bar su suna rawa a gaban mutanen da ya yi shekara talatin da ɗaya yana ɓoye wa ko tari.

Yarinyar ta fito daga ƙarƙashin tebur a hankali. Na ga fuskarta, na ga mako biyar ɗin nan suna wucewa a kanta, na ce yanzu za ta fashe. Sai ta ce, "Malam, da ka faɗa mini." Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma ya fi zagi ciwo, don na ga Kawu ya sunkuyar da kai.

Farfesa ya sauko da tabaraunsa kan hanci ya juyo gare ni. Wane irin mai nake sa wa keke? Nisan keken da teburin? Fanka tana kunne? Wane yadi na yanka a ranar? Na ɗauka wulaƙanci ne, na riƙa amsawa a tsaitsaye, har na ce masa in teburina bai yi masa ba ya zo ya duba, ya fi wasu ofisoshin tsabta. Ko a jikinsa, rubutawa kawai yake yi. Daga baya na gane ba raini ba ne, haka suke tambayar kowa, har kansu.

Kawu ya zaro takarda daga aljihu, babban ɗansa ne ya buga masa ita a kwamfuta don rubutunsa ya daina karantuwa. Takardar ajiye aiki ce. Farfesa ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihun tebur, ya ce, "Malam, ka yi kuskure babba. Sai dai ni ma na yi nawa, da na ce kada a duba wuri saboda sunan mutum. Mu bari sai Alhamis." Ya kalle ni ya ce, "Ke ma ki zo."

Ranar Alhamis da hantsi muka taru. An ba mu wasu baƙaƙen tabarau saboda lesa, na zama kamar direban babbar mota. Dakta-gobe ta zauna gaban kwamfuta, ta fara daga wani launi, na'ura tana ƙirgawa, wani layi yana tafiya a allo daga hagu zuwa dama. A gefe ta manna wata takarda mai nuna wurare uku da ƙwayar take shan haske. Layin ya yi ta tafiya a kwance. Minti ashirin babu komai, ni har na fara tunanin rigar da na bari ban sa wa hannu ba. Kawu yana bayanmu a tsaye, hannu a baya, ina jin numfashinsa.

Da layin ya iso wuri na farko sai ya ɗaga, ya hau kamar tudu, ya sauko. Ya sake kwantawa. A wuri na biyu ya hau fiye da na farko. Kafin ya kai na uku yarinyar ta riga ta sa fuska a tafin hannu tana kuka, kafaɗunta suna rawa. Farfesa ya cire tabarau biyu, baƙin da nasa, ya ce, "To. Na ci gyara. Daga jikin ƙwayar suke." Sannan ya juya ya ce, "Tela, ragarki tsaf take."

Ni kuwa maimakon murna, haushi ne ya kama ni. Na ja Kawu waje, gindin matakala, na cire tabarau na ce, "Ka gani? Ka gani ko? Kwana uku, Kawu! Da ka yi shiru kwana uku, da yanzu kana ciki ana yi maka sannu da aiki, da ka cika shekara biyunka lafiya lau."

Ya ce, "Na gani."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

Ya jingina da bango. Ya ce, "Uwata, kin ga masu makarar nan? Shekara talatin suna fitowa a tulun nan, ba mu taɓa ganin su ba, don muna rufe na'ura da wuri. Suna nan suna ta rawa da zafinsu. Ni fa shekara guda na yi ina ɗauke da nawa, na raba shi ko'ina, a kofi, a noti, a gaisuwa. Na gaji."

Har yau in na tuna, rabina yana ba shi gaskiya, rabina yana jin haushinsa, kuma ban ga alamar za su shirya ba.

Farfesa ya so ya riƙe shi, ya ce ya zauna ya riƙa duba aikin wasu ko da ba zai taɓa komai ba. Kawu ya yarda da wata guda kawai. Dalili, Farfesa ya kafe sai an saƙa wata ragar a ɗaki mai tsabta an maimaita gwajin, don kada wani ya zo gobe ya ce shagon tela ne ya haifi sakamakon. Wannan karon Dakta-gobe ce ta saƙa. Ni na nuna mata yadda ake riƙe sili ba tare da an ja ba, Kawu yana bayanmu yana cewa saki, tsaya, kada ki yi magana a kanta. Sau tara ta tsinka, na ce mata ko almakashi ba zan ba ta ba a shagona. Tudun nan uku suka sake fitowa a wurarensu.

Yarinyar ta gama, ta zama dakta, Kawu ya ce yanzu sai a nemo mata wani suna. Ta kawo mana littafin har gida, mai baƙin bango. A wani shafi ta rubuta gaskiyar yadda aka yi ragar farko, da inda aka yi ta, da irin wankin da aka yi mata, ta gode wa Malam da 'yarsa tela. Babban ɗan Kawu ya karanta mana, Inna ta ce ashe wanke-wanken ma ana rubuta shi a littafi.

Washegarin ranar da ya bar aiki na biya gidan da safe kafin in buɗe shago. Yana zaune a tsakar gida a kan tabarma, hannuwansa a kan gwiwa, ba a sama ba, ba a baya ba. Inna ta kawo buta ta zuba masa shayi, ta tsaya a rabin kofi kamar kullum.

Ya ɗago ya dube ta ya ce, "Cika shi. Ai kowa ya sani yanzu."

Inna ta cika har baki. Ya ɗauka da hannu biyu, kofin yana kaɗawa, shayi ya zubo masa a yatsu, ya ɗiga a gaban riga. Na yunƙura zan karɓa, Inna ta riƙe mini mayafi. Ya kai bakinsa ya sha, ya sake sha, bai ajiye ba sai da ya shanye.